Tunau Masunci da Shawarar Dila

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku bar surutu.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari na bakin kogi an yi wani masunci ana ce masa Tunau. Uwarsa, Iya Yalwa, ta daɗe ba haihuwa kafin ta same shi, kuma shi kaɗai ya rayu mata. Tun yana ƙarami ubansa ya sa shi a jirgi, ya koya masa jefa taru da bandar kifi. Bai kai ga sa shi makaranta ba ya rasu. Tunau ya girma ya san kogin nan kamar yunwar cikinsa, amma bai san yadda ake alwala ba. Har furfura ta fara leƙo masa a gemu, goshinsa bai taɓa ƙasa ba.

Ba wai yana jayayya da Allah ba ne. In ladan ya yi kira, sai abin ya dame shi. Ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya ɗauki taru ya ajiye, ya sake ɗauka. Sai ya ce a ransa, "Zan fara, bari damina ta wuce." Damina ta wuce, sai ya ce bari ruwa ya ja baya. Ruwa ya ja baya, sai ya ce bari sanyi ya ragu.

Ran nan da hantsi Iya Yalwa ta kira shi. Tari ya kama ta, ta rame.

Ta ce, "Tunau."

Ya ce, "Ga ni, Iya."

Ta ce, "Jikin nan ya fara ƙi. Abu ɗaya nake nema wurinka. Ina so in gan ka tsaye cikin sahu, ko sau ɗaya, kafin a ɗauke ni."

Ya ce, "Haba Iya, daina wannan magana. Ai zan fara."

Ta ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Kwanan nan."

Ta ce, "Bara ma haka ka ce. Ga gidan Liman nan, in na yi tari yana ji. Tashi ka je yanzu."

Sai ya tashi. Ya ce bari ya fara biyawa bakin kogi ya gyara wutar banda, kada kifi ya ƙone.

To, a cikin ciyawar bakin kogin akwai Dila. Ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan kifin nan, amma Tunau ba ya nisa da shi. Da ya ji Tunau yana gyara wuta yana magana shi kaɗai, sai ya ce a ransa, "In gidan Liman zai je, kafin in lashe ko jela ya dawo. Tafiya mai nisa nake so ya yi." Sai ya fito yana sanda, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Ya ce, "Sannu, Sarkin Ruwa. Ina za ka kake rawar jiki haka?"

Tunau ya ce, "Malam Dila, gidan Liman za ni. Salla zan fara."

Dila ya ce, "Madalla! Kai, na yi murna. Amma da wannan rigar?"

Tunau ya dubi rigarsa. Duk ɓawon kifi da hayaƙi.

Dila ya ce, "Ko gaban dagaci ba ka je da ita ba, balle gaban wanda ya halicci dagaci. Ƙarni fa kake yi. Akwai kasuwa bayan dajin can, fararen riguna sai ka zaɓa. Je ka sayo, ni zan duba maka banda."

Tunau ya ce, "Gaskiyarka." Sai ya ɗauki kwandon ɗanyen kifi don ya sayar, ya kama hanya.

Yana ba da baya Dila ya haye banda. Yana ci yana waƙa:

"Tafi, Tunau, tafi,
Hanya taka, tarwaɗa tawa."

Tunau ya yi kwanaki, ya dawo da farar riga. Ya tarar banda wayam. Dila ya ce, "Shaho ne, sun zo da yawa. Na yi ta kora har na gaji."

Ya shiga gida. Iya Yalwa ta ce, "Ka je wurin Liman?"

Ya ce, "Iya, dubi rigar da na sayo."

Ta ce, "Riga na aike ka?"

Ladan ya yi kira, Tunau ya kasa zama. Ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita. Ya ce gobe da safe, ba fashi.

Da safe ya kama kifi, ya jera a banda, ya sa farar riga. Sai ga Dila.

Dila ya ce, "Kai! Wa na gani haka kamar ango? To, a kan me za ka yi sallar?"

Tunau ya ce, "A ƙasa mana, kamar kowa."

Dila ya ce, "Da farar riga? Sujada ɗaya ta koma ja. Manya buzu suke shimfiɗawa. Ga Fulani can sun sauka gaba da fadama, suna da fatun raguna. Ka karɓo, ka kai wa majema su gyara maka. Abin da za a yi har mutuwa, ai gara a fara shi da kyau."

Tunau ya ce, "Haka ne kuwa." Sai ya kama hanya.

Dila ya haye banda:

"Tafi, Tunau, tafi,
Fata taka, karfasa tawa."

Tunau ya je ruga, aka ce sun tashi. Ya bi sawun shanu har ya cim musu. Ya karɓi fata ya kai majema, suka ce sai ta jiƙa, sai ta bushe. Ya zauna jira. Ya tashi ya zagaya, ya dawo ya tambaya, aka ce da saura. Da ƙyar ya karɓo ya dawo. Banda wayam. Dila ya ce, "Wannan karon kura ce. Wa zai tare kura?"

Ya shiga gida. Yanzu Iya Yalwa ba ta iya tashi daga tabarma. A kwance take salla, tana nuni da kai.

Ya ce, "Iya, ga buzu na samo."

Ta ce, "Ɗan nan, ƙasar da nake sa goshi a kai tun ina budurwa, me ta yi mini? Numfashina fa lissafa shi ake yi. Je ka."

Sai ya fita da sauri, riga a jiki, buzu a hammata. Ya isa ƙofar gidan Liman. Ya ji muryoyin yara a zaure suna karatu. Ya shafa gemunsa, ya ji furfura. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, ya mayar. Ya sake ɗagawa, ya sake mayarwa. Sai ya juya, bai tsaya ko'ina ba sai bakin kogi. Ya jefa taru don ya sami abin yi da hannunsa, ya cika banda, ya zauna ya yi tagumi.

Dila ya fito. Ya ce, "Na san abin da ke damunka. Kunya ce. Ƙato da kai, ka durƙusa cikin yara suna nuna ka da baki? Gobe duk gari ya ɗauka."

Tunau ya ce, "Wallahi ita ce, Malam Dila."

Dila ya ce, "Akwai wani babban malami a kan dutsen can da ake hangowa in gari ya washe. Can ba wanda ya san ka. Ka je ka koyo a ɓoye, ka dawo ka shiga sahun gaba, kowa ya riƙe baki."

Tunau ya ce, "Iya fa? Jikinta ya yi tsanani."

Dila ya ce, "Tsofaffi ai haka suke, yau kwance gobe zaune. Maƙwabta na nan."

Sai Tunau ya leƙa wurin maƙwabciya ya ce ta duba masa Iya, bai ko shiga wurin Iya sun yi sallama ba, don kada ta tambaye shi. Ya kama hanya.

Dila ya haye banda:

"Tafi, Tunau, tafi,
Dutse naka, duka nawa."

Tunau ya yi ta tafiya. Ya ratsa daji, ya ƙetare rafi, ya ratsa wani dajin. In ya zauna hutawa sai ya ji kamar ana kiran sunansa, ya zabura ya ci gaba. Ya ci abinci bai ji ɗanɗanonsa ba. Har ya hau dutsen, rana tsaka. Ya tarar da wani tsoho yana ɗaure dangar kara, buta a gefensa.

Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, salla na zo koyo."

Tsohon ya ce, "Daga ina?"

Ya ce, "Daga bakin kogi."

Tsohon ya ajiye igiya. Ya ce, "Bakin kogi? Ruwa ne ya ƙare muku?"

Ya ce, "A'a."

"Gabas ce babu a garinku?"

"Akwai."

"Ko ba wanda ya iya salla?"

"Akwai Liman, katangarmu ɗaya."

"To wa ya turo ka nan?"

Tunau ya ce, "Dila."

Tsohon ya ce, "Dila. Wa ka bari a gida?"

Ya ce, "Uwata. Tana kwance. Ita ce ma ta ce tana so ta gan ni a sahu kafin..."

Bai ƙarasa maganar ba. Sai yanzu ya ji ta da kunnensa. Ya miƙe zumbur.

Tsohon ya ce, "Tsaya. Ga buta, azahar ta yi. Zauna in nuna maka alwala, mu yi salla tare, sannan ka kama hanya. Ba za ta ci maka lokaci ba."

Tunau ya ce, "Bari in je in gano ta tukuna, Malam. Bari in je in dawo."

Tsohon ya ce, "Kai, zo nan!" Ina, ya riga ya gangara.

Ya yi ta gudu. Ƙaya ta kama farar riga, ya fizge ya bar mata. Buzu ya faɗi a rafi, bai waiwaya ba. Ya faɗi, ya tashi. Ƙafafunsa suka fashe.

Da ya shigo gari sai ya ji shiru. Ba daka, ba wasan yara. Ya karyo kwanar gidansu, sai ya ga maza sun yi sahu a fili, Liman a gaba, makara a ajiye. Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara.

Wani dattijo a ƙarshen sahu ya hango shi, ya nuna masa buta da hannu, ya matsa ya bar masa wuri. Tunau ya ɗauki butar. Ya tsaya riƙe da ita. Hannu ake fara wankewa ko fuska? Ko ƙafa? Ya zuba ruwa a tafinsa, ruwan ya tsiyaye. Liman ya sake kabbara. Ya duba dama, ya duba hagu, kowa ya shiga salla, ba mai tambaya. Ya sake zuba ruwa, ya sake tsiyayewa. Yana nan tsaye aka yi kabbarar ƙarshe, aka yi sallama. Aka sallaci Iya Yalwa, ɗanta ɗaya tilo yana gefe da buta a hannu.

Ya kama makara aka kai ta. Da hannunsa ya tura mata ƙasa. Da aka watse, Liman ya dafa kafaɗarsa.

Tunau ya ce, "Malam, ta bar wata magana?"

Liman ya ce, "Ba ta yi fushi da kai ba. Sai dai duk kiran salla takan juya fuska wajen ƙofa, ta ce a leƙa a gani ko ka shiga sahu. Har na asubar yau ta tambaya."

Tunau ya durƙushe a wurin. Can sai ladan ya kira la'asar. Liman ya yi gaba, Tunau ya tashi ya bi shi. Sun zo wajen wata duhuwa, sai ga Dila ya leƙo, ciki ya yi tulu, baki yana ƙyallin man kifi.

Ya ce, "Sarkin Ruwa, sannu da haƙuri. Ina za ka kuma? Yau ai ba ranar fara abu ba ce, zuciyarka ba ta kwance. Bari a yi sadakar bakwai tukuna."

Tunau ya dubi cikin nan, ya shaƙi ƙamshin bandarsa a jikin Dila. Sai ya gane shaho, ya gane kura. Ya rarumi sanda. Dila ya yi tsalle ya tsaya can nesa kaɗan, yana kaɗa jela, yana jira a biyo shi daji. Tunau ya yi taku zai bi shi, sai ya hango mutane suna shiga masallaci. Ya dubi Dila, ya dubi masallaci. Ya saki sandar.

Ya ruga ya tarar da Liman ya tsuguna a ƙofa zai yi alwala. Ga yara nan kewaye. Ya tsuguna kusa da shi, ƙasar kabari a hannunsa har gwiwa.

Ya ce da ƙarfi, kowa na ji, "Allah gafarta Malam, ban iya ba. Daga ina ake farawa?"

Liman ya miƙo masa buta. Ya ce, "Daga nan. Ce bismillahi, ka wanke hannunka."

Ya wanke. Ya bi Liman gaɓa-gaɓa har ƙafa. Ya shiga sahu, in aka sunkuya ya sunkuya, in aka ɗago ya ɗago. Da goshinsa ya taɓa ƙasa sai kuka ya ƙwace masa, har na kusa da shi ya taɓa shi kafin ya tashi. Daga ranar bai sake fashin salla ba, kuma kowace salla sai ya roƙa wa Iya Yalwa gafara. Amma abin da ta roƙa ta gani da idonta, ba ta gani ba.

To, kun ji. Duk wanda zuciyarsa ta ce masa ya tashi ya nufi Ubangijinsa, ya tashi a yadda yake, a inda yake. Mai ce maka ka bari sai ka shirya, cinka yake yi. Kuma ba wanda aka faɗa wa ko zai ga gobe, shi ko wanda ke jiransa.

Kurunkus kan tarwaɗa. Ni na miƙe, ga buta can, wa zai riga ni?