Fasfon Maidaji a Cikin Durowa

An yi wani mutum a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ejan ne, yana da ɗan ofis a benen Tianxiu. 'Yan kasuwarmu na ba shi fasfo ya sabunta musu biza, kuma ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba.

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, biza ta yi wuya. Baƙi suka ragu, ofis ya yi shiru, sai ya koma wuni a gaban kwamfuta. Nan ya ci karo da tallar wani malamin karta, irin wadda ake bugawa ta intanet, suna ce mata foka. Malamin ya ce wannan ba caca ba ce, ilimi ne, wata uku ya isa mutum ya ƙware.

Ya 'yan uwa, wanda ya san hanyar cinye kuɗin duniya daga kan kujera, me zai sa ya tsaya tallar darasi?

Ya biya aji na farko, aka cinye shi. Malam ya ce ai sirrin yana aji na biyu. Ya biya, aka sake cinye shi. Abu ɗaya kawai ya iya a karatun nan: ya daure fuska, ya yi ƙarya ido bai ƙifta ba.

Ana nan sai Maidaji, yayan matarsa, ya zo daga Kano sarin takalma a kasuwar Zhanxi. Saura kwana tara bizarsa ta ƙare. Ya miƙa masa fasfo da kuɗin aiki, ya ce, "Mijin Radiyya, ga wuyana a hannunka."

A ranar kuɗin suka tafi ajin ƙwararru. Fasfo kuma ya shiga durowa.

Duk sanda Maidaji ya tambaya, sai ya dube shi tsakar ido ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Fasfo na Hong Kong inda ake sabunta biza, har an buga tambari." Maidaji ya yarda. Sati uku yana yawo a gari ba biza, 'yan sanda na tare baƙi a bakin tashar jirgin ƙasa, shi bai san halin da yake ciki ba.

Wata Talata bayan Azahar Maidaji ya shigo ofis neman salatif zai ɗaure kwali. Mutumin na tsakiyar wasa, a ganinsa yau ce ranar da zai mayar da komai. Maidaji ya ja durowa. Ga fasfonsa. Ya buɗe shafi shafi, babu sabon tambari.

"Nan ce Hong Kong ɗin?"

"Yaya, minti biyu. Bari in gama wannan hannun na karta."

"Hannun ubanka!"

Maidaji ya fizgi kwamfutar ya maka ta da bango. Mutumin ya ga allon ya mutu da kartarsa a ciki, sai idonsa ya rufe. Ya rarumi ƙarfen ɗaure kwali ya sauke wa Maidaji a ka. Maidaji ya durƙusa, yana kare kai da fasfon, yana cewa, "Ni ne fa!" Ya ƙara masa. Ya sake ƙarawa. Jini ya wanke kwalayen takalma, ya bi ƙarƙashin ƙofa har waje.

Maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Da mutumin ya ji ana kiran 'yan sanda, ya haye taga ya faɗa ƙasa. Ƙafafunsa biyu suka karye, ƙashi ya huda wando. A haka aka kwashe shi, daga asibiti sai kurkuku. Maidaji kuwa ko asibitin bai kai ba.

Wa zai buga wa Radiyya waya? Ya ce mata me?

Ya ku iyaye, wannan fa magidanci ne, mai sallah, ba yaro ba. Da an ce masa zo ka yi caca, da ya yi a'uzubillahi. Sai aka ce masa zo ka yi karatu. Ina ga 'ya'yanmu da muke turawa can neman halali, ba ma ganin abin da suke kallo? Caca haramun ce ko an sa mata aji, kuma mai sayar da darasinta shi ne ɗan cacar da ba a taɓa cinyewa.

Waɗanda suka kwashe kayan ofishin sun ce saƙo ya shigo wayar ejan ɗin ran sadakar ukun Maidaji. Malamin ne, yana tallar sabon darasi: yadda ake danne fushi in an yi asara.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuriya a gida da baƙon wuri. Amin.