Rijiyar Ƙaro

A zamanin da giwaye ke kiwo inda yau ake shuka gero, an yi wani maharbi mai suna Barmo, wanda ake yi wa kirari da "Baƙin gwanki, mai jin ƙanshin ruwa daga nesa." Kirarin nan ne ya ja masa. Lokacin da fari ya tashi ƙauyensu, jama'a suka biyo shi da awakinsu, ya kai su wani fako ya ce a haƙa.

Aka haƙa, babu ruwa, sai wasu duwatsu marasa nauyi masu launin zuma. Tsofaffi suka ce ƙaron maje ne, na itatuwan da suka mutu tun kafin kakanni, ya sandare a ƙasa. Barmo ya yi tsaki ya watsar. Aka sake rami, ƙaro. Aka koma gaba, ƙaron ne dai. Haushi kamar ya kashe shi.

Wata rana ya ɗaga guda ya haska da rana, sai ga sauro a ciki, ko ƙafarsa ba ta karye ba.

"Sauro ba ya nisa da ruwa," in ji shi.

Ƙanensa Gagare ya ce, "Haba Yaya, sauron nan ya girmi kakanmu! Awaki sun ƙare, yanzu yara muke binnewa."

Da hantsi jama'a suka ɗaure kaya suka yi kudu. Barmo ya rage shi kaɗai a rami, yana sara yana zagin ƙasa. Kafin la'asar ruwa ya ɓulɓulo har gwiwarsa. An ce kuka ya yi, na takaici, don jama'a sun yi nisa. Ƙafa ta ƙi gudu, murya ta dushe, sai ya tara ƙaron ya cinna masa wuta. Hayaƙi ya miƙe sama, ƙanshi ya bi iska har ya cim ma ayarin. Mata suka ce wannan ba gobarar daji ba ce, kira ne, suka juyo. Gagare ya ce ya gaji da kiran Barmo, ya wuce da iyalinsa. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Garin da ya kafu a wurin shi ne Rijiyar Ƙaro. Matansa na turare da ƙaron, maharba na liƙe kibiya da shi. Har yau in an haƙa sabuwar rijiya, ba a shan ruwan sai an ƙona ƙaro a bakinta, an dubi kudu, an ɗan jira, ko Gagare zai juyo.