Igiyoyin da Obadiah Ya Yanke

Akwai wani saurayi a Samaru, sunansa Obadiah, yana da ɗan shagon gem, na wasannin talabijin, kusa da gidajen hayar ɗalibai. Kullum idonsa na kan waya yana bin labarin na'urorin wasa: wacce ta fito, wacce aka sabunta, wacce ta zama tsohon yayi.

Wata rana ya ga labarin wata na'ura mai sanduna biyu da ake riƙewa a hannu. In ka ɗaga hannu, ɗan mutumin cikin talabijin ya ɗaga nasa. In ka kai duka, ya kai. Ya hau keke zuwa Sabon Gari, ya sayo ta a shagon Daberechi mai kayan lantarki.

Talabijin ɗinsa ƙarama ce, sai ya je Palladan ya ari babbar ta yayarsa Janet. Ta ja masa kunne: "In ta samu ko ƙwarzane, ka rufe shagon nan ka koma ƙauye taya Baba noma. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya."

A ƙofar shagon akwai Mama Ƙauna mai kunun zaki. Ba ta yi boko ba, amma abu ba ya wuce ta gabanta ba ta tambaya ba. Ta leƙo yana buɗe kwali.

"Ɗan nan, wai ta yaya abin yake sanin ka motsa hannu? Ido gare shi?"

"Mama, ko na yi bayani ba za ki gane ba."

"Gwada ni."

"Akwai wani abu a ciki mai jin motsi."

"To ai na gane. Ita kuma igiyar nan da ke gindin sandar fa?"

"Ta yara ce. Ƙwararrun da nake kallo a waya ba sa ɗaurawa."

Mama ta girgiza kai. "Wanda ya ƙera abu mai tsada haka ba zai maƙala masa igiya a banza ba. Mu a ƙauye, kafin ka zura guga a rijiya sai ka naɗe bakin igiya a wuyan hannu. Hannu in ya jiƙe santsi yake yi."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Obadiah ya ce, "Mama, nan ba bakin rijiya ba ne." Ya ɗauko almakashi ya datse igiyoyin biyu, ya watsar waje.

Ranar Asabar shago ya cika maƙil. Ana zafin bazara, aka ɗauke wuta, ɗan janaretansa kuma ba ya ɗaukar fanka. Obadiah ya shiga wasan tanis da wata ɗaliba, Rejoice, yana cin wasan yana cika baki.

"Oga, gumi fa yake zubo maka har gwiwar hannu," in ji ta.

"Ke dai tare wannan!"

Ya kai duka da iya ƙarfinsa. Sanda ta suɓuce, ta tafi kai tsaye, tas! a tsakiyar talabijin ɗin Janet. Gilashi ya tsage daga sama har ƙasa.

Janet ta zo ta duba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Motar ƙauye da safe take tashi."

Ranar da ya isa, Baba ya aike shi ɗebo ruwa. A ja na uku igiya ta zame masa, guga ya faɗa rijiya. Baba ya leƙa, ya dube shi. "Kai ba ka naɗewa a hannu?" Obadiah ya wuni da ƙugiya yana laluben guga, maganar Mama Ƙauna na yi masa yawo a kai.

Damina guda ya yi yana noma. Da kaka ya sayar da masararsa, ya kai wa Janet wata talabijin, ta yarda ya buɗe shago da ƙaramar tasa. Ya koma wurin Daberechi neman igiyoyi, aka ce ba a sayar da su su kaɗai.

Ya dawo ya durƙusa gaban Mama Ƙauna. "Mama, ki yafe mini."

Ta kwance bakin zaninta, sai ga igiyoyin nan biyu, ta ɗinke inda almakashi ya ci da baƙin zare.

"Tun ranar na tsince su. Amma ni zan fara bugawa. Ina so in ga ko ɗan mutumin nan zai iya bin hannun da ya shekara arba'in yana daka."

Ta miƙa hannu. Obadiah ya ɗaura mata igiyar da kansa, ya ja ya tabbatar ta kama.

Darasi: Sanin sabon abu ba ya ba ka izinin raina tambayar wanda ya girme ka. In ka ga abin da ba ka san amfaninsa ba, tambaya, kada ka kai masa almakashi. Ku tura wa 'ya'yanku da jikokinku, musamman masu cewa ba za mu gane ba.