Ƙwaryar Auren Cindo da Tabawa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

A wani gari suna da al'ada. Duk shekara, in ranar ɗaurin aure ta zagayo, miji da mata su ɗauki ƙwaryar da suka fara shan fura a cikinta, su kai gindin tsamiya. Akwai aljana a nan. Ta zuba ruwa, ta ɗaga. In ƙwarya ta yi yoyo, aure ya mutu.

Akwai wani Cindo, sarkin rawar kai. Saura kwana uku ranarsu ta zagayo, matarsa Tabawa ta tafi rijiya, ya kife ƙwaryarsu yana kiɗa. Ƙwas! Ta tsage. Shi kuwa duk duniya in ba Tabawa ba, ba kowa.

Ya cusa ƙwaryar a riga, ya ruga wurin Zanzaro. "Maigini, rufa mini asiri!" Zanzaro ya yaɓa laka. Aka zuba ruwa, laka ta bi ruwa. Saura kwana biyu.

Ya ruga wurin Ƙudan Zuma. "Uwar zaƙi, rufa mini asiri!" Ta liƙe da kaki. Rana ta take, kaki ya narke. Saura kwana ɗaya.

Tabawa ta kawo tuwo, ya kasa loma. "Maigida, lafiya?"

"Lau," in ji shi, gumi har gemu.

Ya ruga wurin tsohon gyartai mai ɗinkin ƙorai. "Baba, ɗinke mini yadda ido ba zai gani ba!"

"Ɗan nan, ɗinki ba ya ɓuya sai an yi masa riga." Tsoho ya ɗaga jar fatar da aka naɗe bakin ƙwaryar da ita. Ga ɗinki ɗaya, ga ɗinki biyu. "Wannan na shekarar fari ne, wannan na bara. Matarka ta kawo, tana kuka kamar kai."

Cindo ya saki baki. Tsoho ya yi ɗinki na uku, amma tsagar ta yi tsawo, fata ta kasa rufe ta.

Gari ya waye, aka taru gindin tsamiya. Aljana ta juya ƙwarya, ta shafa ɗinkin da farce. Ta zuba ruwa, ta ɗaga. Aka jira. Aka ƙara jira.

Ko ɗigo.

"Ni yoyo nake dubawa, ba tabo ba," in ji aljana. "Ku ɗauki abinku."

A hanya Tabawa ta harare shi. "Maigida, wannan dogon ɗinkin fa?"

"Uwargida, waɗancan biyun fa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Taka da sauri, fura na jira."

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa tukunya. Aure ƙwarya ne, ba wadda ba ta tsagewa. Mai zuwa wurin gyartai shi ke shan fura baɗi.