Ranar da Tabawa ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Dalilin da ya sa matan garinmu Tsagau ba sa kunyar kiran sunan ɗan fari, ku matso ku ji shi.

A da, mace a nan gara ta ciji harshenta da ta ambaci sunan ɗanta na fari. Akwai wata mai ginin tukwane, Tabawa. Ɗan farinta Cindo har ya yi gemu, "wannan yaron" kawai take ce masa.

Wata Laraba da hantsi ya tafi bakin rafi ɗebo mata yumɓu. Tana tsakar gida sai ta ga kaji sun haye katanga, tsuntsaye sun yi tsit. Ta ji rugugi, ba daga sama ba, daga ƙarƙashin ƙafarta. Ƙasa ta shiga kaɗawa kamar tabarmar da ake kakkaɓewa. Rumbuna suka zube, ruwan rijiya ya taso har baki ya koma. Mutane suka faɗi rubda ciki suna salati. Tsofaffin garin ba su taɓa jin ko labarin girgizar ƙasa irin wannan ba.

Da ta lafa, sai ga ƙasa ta tsage tsakanin gari da rafi, rami ne wanda ba a hango ƙarshensa. Tabawa ta ruga bakinsa. A ɗaya gefen ta hango Cindo, jini ya rufe masa ido, yana tangaɗi yana nufo ramin. Maza suna ta ihu ya tsaya, bai tsaya ba.

Maƙwabciyarta Kande ta riƙe ta. "Yaya, ki kira shi. Muryarki zai sani."

"Da wane bakin?"

Saura taku uku ya faɗa ramin. Tabawa ta ɗaga murya iya ƙarfinta: "Cindo!"

Ya tsaya cak, ya zauna a inda yake.

Sai da aka yi kwana biyu ana zagaye kafin a iso da shi gida. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, na ji ihun mutane, na zaci na riga na mutu. Sunana da na ji a bakinki, mamakinsa ne ya tsayar da ni."

Shi ya sa har yau, ranar suna a Tsagau, uwa ce ke fara kiran ɗan farinta da ƙarfi, tana fuskantar wannan ramin da ake hana ku zuwa wasa.