Kurege Mai Tsaron Rariya

Inna, kin ce ba a tatsuniya da rana, wai mai yi ɓata yake. To ni tun ranar da muka kai ki makwancinki ban san inda nake ba, bari in yi abata. Ina zaune a bayan ɗakinki, cikin ɗan lambunki, hadari na haɗuwa a gabas. Ga ta nan, ga ta nanku. Babu mai amsawa, sai in amsa wa kaina yadda muke amsa miki: ta zo mu ji ta.

Wata tsohuwar Bushiya ce take da ɗan lambu a bayan ɗakinta: tumatir, gauta, yakuwa, da kuɓewa kunya biyu. Irin kuɓewar nan gadon uwarta ne. Kowace damina takan zaɓi uku mafi kyau ta ɗaura musu jan tsumma, alamar na iri ne, ba a taɓa su sai sun bushe. A gindin katanga kuma akwai rariya. In ta toshe, ruwa ya kwanta, shuka ta ruɓe. Ga Bushiya da ciwon baya.

Rannan sai ga Kurege, duk haƙarƙari a waje.

"Sannu da aiki, Iya. Da girmanki kike tonon rariya? Ki bar mini."

"Me zan biya ka, ɗan nan?"

"Haba Iya, biya tsakaninmu? Abin da iska ta kaɗo ƙasa kawai, shi ne nawa."

Bushiya ta ce, "Na yarda. Amma masu jan tsumma, ko da ido kada ka taɓa su."

Hadari ya taso, Bushiya ta shige ɗaki. Kurege ya share rariya tas. Ya duba ƙasa, tumatir ɗaya tak. Ya ce, "Wannan iska ragguwa ce, bari in taya ta." Ya kama gindin tumatir ya girgiza, ya girgiza.

Bushiya ta fito. "Me ya zubar mini da tumatir haka?"

"Iska ce, Iya."

Aka sake hadari, gauta ya zube. "Iska ce, Iya."

Rannan sama garau, ko ganye ba ya motsi, ga yakuwa a kwance. Bushiya ta dubi sama, ta dubi Kurege.

"Iska ce, Iya. 'Yar ƙarama ce, ta nan kawai ta bi."

"Ikon Allah," in ji Bushiya. "Iska na ci, kai kana ƙiba."

Kurege ya yi ɓul-ɓul, wuya ya haɗe da kafaɗa. Amma kullum idonsa na kan masu jan tsumma. Sun ƙosa, in an taɓa sai ka ji 'ya'yan na ƙara a ciki. Ya ce a ransa, abin da aka ɗaura wa tsumma ai ba ƙaramin daɗi ne da shi ba.

Sai ga babban hadari na tsakiyar damina, baƙi ƙirin, da rana tsaka. Ruwa ya kece. Kurege ya yi tsalle ya gutsuro ukun nan, ya cika baki, ya nufi rariya zai fice. Kai ya wuce. Kafaɗa ta wuce. Ciki ya ce sam. Ya yi gaba, ya ƙi. Ya yi baya, ya ƙi.

Ruwa ya rasa hanya, ya fara hawa kunya. Bushiya ta fito da faifai a ka, ta ga wutsiya na rawa a bakin rariya.

"Kurege, kai ne?"

Wutsiya ta ci gaba da rawa.

Ta ce yau lafiya, Kurege ya rasa baki? Ta zagaya bayan katanga, sai ga kansa a waje, jan tsumma na reto a bakinsa, ruwan lungu na gudu a ƙarƙashin haɓarsa. Kalma ɗaya zai yi, irin uwarta ya bi ruwa.

Ta matso a hankali ta tara faifai. "Ɗan albarka, kada ka gaishe ni. Kada ka yi mini bayani. Ajiye nan."

Ya ajiye. Ta ƙirga: ɗaya, biyu, uku. Ta soke su a cikin zane.

"To, yanzu faɗi."

"Iska ce, Iya! Na ga za ta kwashe su, na riga ta. Don haushi ta cusa ni a nan."

"Madalla. To zauna, in ta dawo ta cire ka."

"Ni ba komai, Iya, na saba da wahala. Lambun nake ji. Ruwa ya kusa kai wa yakuwa wuya."

Gaskiyarsa kuwa. Bushiya ta ja kunne, bai fita ba. Ta koma ciki ta ja wutsiya, bai fita ba.

Kurege ya ce, "Ɗanyar kuɓewa za ki yayyanka ki shafe ni da yauƙin. Ki ɗan ba ni kaɗan in ci, don ya yi santsi ta ciki ma."

"Ta waje dai," in ji Bushiya.

Ta shafe shi sosai. Sannan ta juya masa baya, ta miƙe ƙayoyinta, ta ja da baya da ƙarfi. Kurege ya ce wayyo! Ful, ya fice, ruwa ya bi shi. Bakin rariya ya kankare masa gefe da gefe. Farin layin da ke jikin kurege har gobe, daga nan ya samo shi.

Ruwa ya janye, yakuwa ta miƙe. Washegari da hantsi sai ga shi a kan katanga.

"Iya, kuɓewar da kika shafe ni da ita, na ga ta zube ƙasa. Tawa ce ko?"

Ƙurunƙus kan ɗan gauta. Duk mai shirin taya iska aiki, ya fara gwada cikinsa da rariya.

Inna, ruwan ya fara sauka, na share rariya. Kuɓewa ukun da kika ɗaura wa tsumma sun bushe, jiya na tsinke su. Ƙullin ne na kasa kwancewa, da yake hannunki ne ya yi shi. Suna cikin aljihuna. Ban gaya wa kowa ba tukuna.