Manomin da Ya Amsa Gaisuwa da Ƙullu a Baki

An yi wani manomi mai fara'a, wanda duk garinsu ba wanda ya kai shi son gaisuwa. In ka ce masa sannu, sai ya tambaye ka gida, da yara, da gona, har da akuyar da ka sayar bara. Shi ne kuma yake ta da waƙa a majami'a ranar godiyar kaka.

Da tsufa ya zo, haƙoransa na gaba suka zube. Ya ta da waƙa, iska ta riƙa fita ta giɓin kamar mai fito, yara suka yi dariya. Tun daga nan ya daina waƙa, in kuwa dariya ta kama shi sai ya rufe baki da hannu. Abin ya yi wa matarsa zafi ƙwarai, gama dariyar nan ce ta sa ta aure shi.

Ta ce masa, "Baban Rifkatu, kaka ta kusa. Tashi mu je wurin likita a yi maka haƙoran roba."

Suka tafi. Likitar haƙori ta ɗebi wani gari, ta zuba ruwa, ta kwaɓa shi ya zama ƙullu mai laushi, ta shafa a wani ɗan cokali mai siffar baki. Ta ce, "Baba, wannan ƙullu zai ɗauki siffar dasashinka, a kansa za mu yi zubin haƙoran. Laushinsa na ɗan lokaci ne. Abin da bakinka ya yi kafin ya daskare, shi zai riƙe. Kada ka motsa, kada ka yi magana."

Ta sa masa a baki, ta shiga ɗakin ciki tana wanke hannu. Matarsa kuwa tana jira a waje. Sai ga wani dattijon ikilisiya ya leƙo ta taga ya ce, "A'a, kai ne a nan? Ina kwana?"

Bawan Allah ya yi ƙoƙari, ya runtse ido. Amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa barin gaisuwar dattijo ta faɗi ƙasa ba. Ya ce a ransa, kalma biyu ce kawai. Ya motsa baki ya ce, "Lafiya lau." Kunya kuma ta hana shi gaya wa likita.

Aka zuba wani farin gari mai kama da siminti a cikin ƙullun, aka fitar da siffar bakin, aka gina haƙora a kai, aka dafa robar har ta yi tauri. Ranar da ya koma aka sa masa, haƙoran suka ƙi zama. Gefe ɗaya ya danne masa dasashi, ɗayan yana lilo.

Likita ta yi murmushi ta ce, "Baba, wa ka gaisar?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Robar da ta dahu ba ta lanƙwasuwa. Sai mu sake daga farko. In wannan ma ya ɓaci, kaka za ta wuce ba ka da haƙora."

Aka sake kwaɓi. Wannan karon matarsa ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofa. Ƙullu na shiga baki, sai ga yayanta, babban surukinsa, ya zo asibitin da jikarsa. Ya tsaya ya ce, "Sannu, Baban Rifkatu. Yaya jiki?"

Gumi ya keto wa manomi. Suruki fa! Saura kaɗan ya amsa.

Matar ta durƙusa ta ce, "Yana lafiya, Yaya. Gida lafiya, yara lafiya, gona ta yi kyau. Yau ni ce bakinsa." Ta miƙa hannu ta dafa ƙafar mijinta, ya yi shiru har ƙullu ya daskare.

Ranar godiyar kaka ya ta da waƙa, muryarsa ta cika majami'a. Da ya hango matarsa a cikin mata, sai ya yi dariya, hannuwansa duka biyu suna riƙe da damin dawa.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin. Ƙullun nan zuciyar mutum ce. Akwai lokacin da Ubangiji yake tausasa ta, a cikin addu'a ko sa'ad da muke jin Maganarsa, domin ya ba ta siffar da za ta dace. Laushin ba ya daɗewa. Abin da yake ɓata aikin kuwa ba kullum mugunta ba ce. Sau da yawa abu ne mai kyau, kamar gaisuwa, ko hidima, ko tsoron kada a ce mun yi rashin kunya. Muna amsa kowane kira, sai zuciya ta daskare a karkace, mu yi ta mamaki don me bangaskiyarmu take lilo.

Allah mai haƙuri ne, yana sake kwaɓi. Ya kuma ba mu Yesu, wanda yake amsawa a madadinmu sa'ad da ba mu da bakin magana. Saboda haka in lokacin yin shiru a gabansa ya yi, ka yi shiru, duniya ba za ta rushe ba. In kuwa ka ga ɗan'uwanka a hannun Ubangiji, ɗauko kujera ka zauna masa a bakin ƙofa.